Garaya ba kayan rataye a bango ba ce

Kwanan baya mun gwada garayu biyu. Ta farko daga kasuwa a Jimeta, ta sha fenti da tuntu kamar amarya, amma ana taɓa tsirkiya sai muryar mai mura. Fatar ta saki, jakin ya yi tsayi. Kuɗin banza, wallahi.

Ta biyu wani dattijo ne nan Yolde Kohi ya sassaƙa. Ba ado ko kaɗan, sai dai ya rarake icen daidai, ya ja fatar tam. Wannan kam tana magana. Ai Ɗan Maraya Jos ma da gwangwanin kifi ya yi kuntiginsa.

Mun tambayi dattijon wa yake koya wa. Ya ce yaran duk sun koma tuƙin keke-napep.