Kalandar Manya da Waɗanda Aka Tsallake

Da zarar an gama yankan gero an shiga na dawa, hazo ya fara lulluɓe duwatsun Birnin Kudu, sai wayoyinmu su cika da hotunan manya. Ranar 19 ga Oktoba a taya Janar Yakubu Gowon murnar zagayowar ranar haihuwarsa, bayan kwana biyu a taya Rabi'u Musa Kwankwaso. Nuwamba na kamawa a tuna da Murtala Muhammad da aka haifa ranar 8 ga wata a 1938, sai Atiku Abubakar ranar 25. Disamba kuwa ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ce, 15 ga wata a 1754, da ta marigayi Muhammadu Buhari, 17 ga wata a 1942. Samarinmu na Maruta da Gwaram sun ƙware a haɗa waɗannan hotuna: mai ranar a tsakiya, furanni a gefe, a ƙasa kuma hoton wanda ya haɗa da sunansa ɓaro-ɓaro, don kada mai gida ya manta wa ya yi wahalar.

Iyayenmu ba su san wannan yayi ba. Ka tambayi dattijo a kasuwar Sara yaushe aka haife shi, zai ce maka yana goye aka kashe Sardauna, ko kuma da wayonsa aka canza kuɗi daga fam zuwa naira. Kai ne za ka koma ka lissafa 1966 da 1973. Ranar ma sau da yawa suna ne ke riƙe ta: Ɗanladi, Talatu, Ɗan'azumi, Marka. Shi ya sa katin ɗan ƙasa na tsofaffi da dama ke ɗauke da 1 ga Janairu, ranar da ma'aikaci ya ga ta fi sauƙin rubutawa. Saboda haka ba na ƙin a koyi ajiye kwanan wata, ci gaba ne.

Abin da ke damuna shi ne kalandar tamu ta zama roƙo. Wanda ke da mulki ko kuɗi ko gawarsa ta yi tsarki a idon jama'a, shi ke da rana. Sauran mutanen da suka gina garuruwan nan kamar ba a taɓa haihuwarsu ba.

A daidai wannan lokaci na shekara, can a Amurka, masu neman jinsi ɗaya su ma suna jera tasu kalandar. Wani malamin makaranta a jihar Mizuri mai suna Rodney Wilson ne ya kawo shawara a 1994 cewa a keɓe watan Oktoba don tarihinsu. Suna tuna marubuci Oscar Wilde da aka haifa ranar 16 ga Oktoba 1854, wanda kotun Ingila ta ɗaure shekara biyu a 1895. Suna tuna Harvey Milk, ɗan majalisar birnin San Faransisko da aka harbe ranar 27 ga Nuwamba 1978. Suna tuna 30 ga Nuwamba 2006, ranar da dokar auren jinsi ta fara aiki a Afirka ta Kudu. Matsayin malamanmu a kan wannan lamari sananne ne, haka ma dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 mai ɗaurin shekara 14. Ba fatawa na zo bayarwa ba. Abin da na lura da shi kawai, kalandar tasu ba ta yabo ba ce zalla. Ranar ɗauri na ciki, ranar kisa na ciki, ranar kunya na ciki. Sun gane cewa duk wanda ba a rubuta ba, wata rana za a rantse bai taɓa wanzuwa ba.

Mu kuwa ga 'yan daudu nan. Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa kafin shekara ta 2000 ya san su, ko ya yarda ko ya musa. Ka sauka a tasha da dare cikin sanyin hunturu, ga mutum zaune gaban kasko, zani ɗaure a kan riga, yana juya waina ko soya kaji, yana kiran abokin sana'arsa ƙawa, yana tafa hannu yana jefa wa direban da ya nemi ragi habaicin da zai sa tasha duka ta kwashe da dariya. Direban ya ci zagin, ya biya, gobe ya dawo. A gidajen biki su ake kira girkin taro, a dandalin bori suna nan tare da masu garaya. Karin maganar da ke bakinsu, da salon zaurancensu, wani rumbu ne na Hausa wanda malaman harshe suka san darajarsa. Wasunsu na da mata da 'ya'ya, suna salla, sun je Makka da kuɗin kaskonsu. Ba duk ɗan daudu ne yake aikata abin da ake jingina masa ba, wannan ma tsofaffi sun fi mu saninsa.

Da aka ƙaddamar da shari'a a jihohin Arewa, har da Jigawa a 2000, da yawa suka watse, wasu suka bar sana'ar, wasu suka koma inda ba a san su ba. Fim ya riƙe su na ɗan lokaci a matsayin abin dariya. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda watan Disamba ya ɗauke shi a 2014, ya taka rawar ɗan daudu har mutane na riƙe ciki. A 2024 Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta hana nuna daudu da daba a fim. Yau yaro ɗan shekara goma sha biyar zai iya rantse maka da Alƙur'ani cewa wannan abu jiya Turawa suka aiko mana da shi ta intanet. Ƙarya ce, kuma mu muka koya masa ita da shirunmu.

Abin takaici, littafin da ya fi shahara a kan rayuwarsu wani Ba'amurke ne, Rudolf Gaudio, ya rubuta shi bayan ya zauna a Kano, ya fito a 2009, da Turanci. Mu da muka ci tuwonsu ba mu rubuta abin a zo a gani ba, sai baƙo ya zo ya ba jikokinmu labari.

Za a ce rubuta abu yarda da shi ne. Ban yarda ba. Shehu Usmanu da muke bikin haihuwarsa ya zayyana al'adun sarakunan Haɓe da yake suka, ta nan ne ma masana suka san yadda ƙasar take kafin jihadi. Masu tarihin Kano sun rubuta Barbushe da Tsumburbura, ba wanda ya ce sun yi tsafi. Mai tarihi shaida ne, kuma shaidar da ta ɓoye rabin abin da ta gani ba a karɓarta ko a gaban alƙali.

Ban ce a jera sunan mai rai ba. A zamanin nan zargi kaɗai kan iya jawo wa mutum dukan kawo wuƙa, kuma alhakin na kan wanda ya nuna shi da yatsa. Ba kuma 'yan daudu kaɗai aka tsallake ba: ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin gari, maƙeri, mai gangar noma, wanzami, babu ko ɗaya da ke da rana.

Don haka samarin da ke haɗa hotunan manya, ga aiki. Wayar nan da ke hannunku tana ɗaukar murya. An gama girbi, tsofaffi na zaune bakin wuta da daddare. Ku je wajen kakanninku mata ku tambaye su wa ya yi girkin aurensu, wa ya yi kiɗa, wa ke sayar da abinci a tasha a zamaninsu, ku rubuta abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi, har wanda bai yi muku daɗi ba. Gwamna da minista suna da masu rubuta musu tarihi, ana kuma biyansu albashi.