Inuwa, duhu da baƙin fenti: tarken littafin Tanizaki a hannun masu ƙawata ɗaki

Tun daga shekarun 2010 mujallun ƙawata gida na Faransa da Ingila suka cika da hotunan ɗakunan da aka shafe da fenti mai duhu: shuɗi irin na turkuɗi, tsanwa mai kusan baƙi, ruwan gawayi, wani lokaci har da ƙyaure da saman ɗaki. A Landan, Abigail Ahern ta yi suna da wannan salo, kamfanin Farrow & Ball kuma yana sayar da launuka irin su Hague Blue da Railings. Da yayi ne kurum, da ba mu kawo shi cikin waɗannan takardu ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, sau da yawa in masu wannan ra'ayi suna neman madogara, sai su ambaci wani ɗan littafi na marubucin Japon Jun'ichiro Tanizaki (1886-1965), wato In'ei raisan, wanda ya fara fitowa a 1933. Mu a nan mun san shi ta fassarar René Sieffert, Éloge de l'ombre (1977). A 2017 kuma Ryoko Sekiguchi da Patrick Honnoré suka sake fassara shi da sunan Louange de l'ombre. Ra'ayinmu shi ne littafin bai faɗi abin da ake jingina masa ba, kuma rauninsa yana wurin da masu yabonsa ba su cika dubawa ba.

Bari mu fara da bango, tunda a kansa ake gardama. Bangon da Tanizaki ya yaba ba baƙi ba ne. Bango ne da aka yaɓe da rairayi, mai launi maras ƙarfi, maras ƙyalli, domin ɗan hasken da ya iso gare shi ya kwanta a kansa. Duhun ɗakin daga rufi yake zuwa: bakin rufin gidan Japon yana zarce bango da nisa don kare shi daga ruwan sama mai iska, sannan hasken da ya ragu sai ya ratsa ƙyauren takarda kafin ya shiga. Ke nan duhun da yake magana a kai al'amari ne na gini da na tafiyar haske tsakanin safiya da maraice. Ba abu ba ne da ake saye cikin gwangwani. Haka nan labarin da ya bayar na gidan abinci na Waranjiya a Kiyoto: ya roƙi a ɗauke fitilar lantarki a kawo masa kyandir, sai ya ga baƙin akushin itace mai ƙyalli, wanda aka yi wa zanen zinariya, ya fito da kyawun da lantarki ya ɓoye. Hujjarsa ita ce, masu sana'ar sun ƙera akushin ne da sanin a cikin ƙarancin haske za a gan shi.

Mai fentin zamani kuwa ya juya lissafin. Farin bango yana maido kimanin kashi 80 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa; irin launukan da muka ambata ba su maido ko kashi 10. Saboda haka, duk wanda ya baƙanta bangonsa tilas ya ƙara fitilu, kuma in aka duba hotunan mujallun da kyau za a tarar da fitila a kan tebur, wata a kusurwa, wata a bayan kujera. Wato an ƙirƙiri duhu da fenti, sannan an huda shi da lantarki. Tanizaki fa kukan yawan lantarki ya yi. Mai karatu da ya san daren watan Afrilu a Yamai ko Tawa, lokacin da aka ɗauke wuta, ya san abin da zai rage na irin wannan ɗaki.

Ba mu ce salon ba shi da dalili ba. Martani ne ga mulkin farin bango, wanda Le Corbusier ya kafa wa doka a L'Art décoratif d'aujourd'hui (1925), inda ya nemi kowa ya shafe ɗakinsa da farin Ripolin, yana haɗa fari da tsabtar jiki da ta zuciya. David Batchelor ya yi tarken wannan tsoron launi a Chromophobia (2000). Gajiya da fari halas ce. Sai dai gardama ce tsakanin gwangwani biyu, kuma Tanizaki ba ya ciki.

A nan ne Hausa take taimakonmu fiye da Faransanci, abin da ya dace da takardu masu harshe biyu irin waɗannan. Kalmar ombre tana ɗaukar ma'anoni da Bahaushe ya rarrabe. Inuwa tana da sanyi, ana nemanta, har akan ce mutum yana ƙarƙashin inuwar wani. Duhu rashin gani ne, shi ya sa ake kiran jahilci duhun kai. Baƙi kuwa launi ne. Da za mu fassara littafin, Yabon Inuwa za mu sa masa, ko da yake akwai shafukan da duhu sosai yake nufi. Masu mujallu sun karanta inuwa, sun fahimci baƙi.

Muna da misali kusa da mu. Wanda ya taɓa shiga tsohon soro a unguwar Birni ta Damagaram da tsakar rana ya san yadda ido ke ɗaukar lokaci kafin ya ga azara da bakan gizo. Bango mai kauri, taga ƴar ƙarama can sama, daɓen da aka sha da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, har ya yi ja-ja-baƙi-baƙi yana sheƙi. Makuba don ƙarfi da tare ruwa ake sa ta. Launin ya biyo baya ne. A cikin wannan inuwa ne jeren amarya, tasoshi da kwanonin ƙarfe da aka tsara har kusan rufi, yake kama ɗan hasken ƙofa ya rarraba shi. Aikin da zinariya take yi a ɗakin Tanizaki shi ne aikin da jere yake yi a nan. Kuma duk wanda ya ga jere a ƙarƙashin dogon ƙwan lantarki mai fari fat, a ɗakin siminti da rufin kwano, zai yarda cewa wani abu ya tafi.

To, amma a daidai nan ya kamata ɗaliban da ke rubuta kundi a kan gine-ginenmu su yi hattara, domin littafin yana da daɗin kwaikwayo. Tanizaki da kansa ya amsa cewa kakanninsa tilas ce ta zaunar da su a ɗakuna masu duhu, daga baya suka gano kyau a ciki. Wannan magana ce ta tarihi, mun karɓe ta. Amma bai tsaya nan ba. Sai ya mai da son inuwa ɗabi'ar mutanen Gabas, son haske kuma ɗabi'ar Turawa, har ya kai ga neman dalili a launin fata. Ba za mu manta ba cewa an rubuta wannan shekara biyu bayan sojan Japon sun mamaye Manchuriya a 1931, a shekarar da ƙasar ta bayyana ficewarta daga Société des Nations. Ba mu ce marubucin farfaganda ya yi ba. Mun ce raba duniya gida biyu bisa ɗabi'a abu ne da mu, da aka daɗe ana yi wa irinsa, bai kamata mu ara ba ko da an juya shi ya zama yabo.

Rauni na biyu ya fi wannan nauyi a ganinmu. Matar da ke cikin littafin tana zaune can ƙuryar gida, haƙoranta a rine baƙi, girarta a aske, ba a ganin komai nata sai fuska da hannuwa. Ya ma kwatanta ta da ƴar tsanar wasan bunraku. Tana cikin kayan ɗaki, tare da akushi da zinariya. Ba a tambaye ta ko tana ganin ramin allura ba. In muka kawo wannan ido gidanmu, za mu yabi baƙin rufin madafa mu manta cewa kunkunniya ce, kuma hayaƙin da ya rina azara shi ne wanda mai girki ta shaƙa shekara da shekaru. Ɗalibin da zai rubuta a kan inuwar soro ya tambayi matan gidan a wane lokaci suke fitowa tsakar gida don tsince shinkafa, da kuma dalilin da ya sa, da suka sami hali, suka sayi fenti mai haske.

Thomas Harper, ɗaya daga cikin masu fassara littafin zuwa Ingilishi a 1977, ya kawo wani labari daga bakin matar Tanizaki. Lokacin da marubucin ya tashi gina sabon gida, mai zanen ginin ya gaya masa cewa ya karanta littafin, saboda haka ya san abin da yake so. Tanizaki ya ce masa shi kam ba zai iya zama a irin wannan gida ba.