"Ruwa Ne Kawai Yake Fita": Ramar Ƙananan Yara a Farkon Tsarin Abincin Keto

Akwai wata magana da masu tallar tsarin abincin keto suke yawan maimaitawa. Da zarar mutum ya daina cin tuwo da shinkafa da burodi, ya ga sikeli ya sauka a makon farko, sai a ce masa: "Kar ka damu, ruwa ne kawai yake fita." Ga baligi mai ƙiba, maganar tana da ƙamshin gaskiya. Matsalar ita ce yanzu ana faɗa wa uwar yaro ɗan shekara biyu ko uku wannan maganar, a daidai lokacin da ta lura wandon yaron ya fara zamewa. Wannan rubutu zai auna maganar ne a sikelin bincike, kuma tun daga farko mu faɗi matsayarmu: gaskiyar da ke cikinta ba ta kai a kwantar wa uwa hankali da ita ba.

Keto magani ne kafin ya zama yayi

Da yawa sun ɗauka keto sabon salon rage ƙiba ne. A asibiti aka haife shi, kuma don yara masu farfaɗiya. Likitoci sun daɗe da lura cewa azumi yana rage yawan faɗuwar mai farfaɗiya, to amma ba a iya sa yaro azumi har abada. A shekarar 1921, Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya kawo shawarar a kwaikwayi azumi da abinci: a rage sitaci da sukari matuƙa, a cika abincin da maiƙo. Idan jiki ya rasa gulukos, sai hanta ta juya kitse zuwa wasu sinadarai da ake kira kiton, ƙwaƙwalwa kuma ta koma amfani da su. A tsarin asali, ana ba da giram huɗu na maiƙo a kan kowane giram ɗaya na furotin da sitaci a haɗe, wato kusan kashi 90 cikin 100 na kalori daga maiƙo yake fitowa.

Da maganin fenitoyin ya bayyana a 1938, sai aka yi watsi da tsarin a yawancin asibitoci. Ya farfaɗo ne bayan 1993, lokacin da aka ɗora Charlie, ɗan mai shirya finafinai Jim Abrahams, a kan wannan abinci a asibitin Johns Hopkins, faɗuwarsa ta tsaya. Mahaifin ya kafa gidauniya a 1994, ya kuma shirya fim a 1997 wanda Meryl Streep ta fito a ciki. Daga baya bincike ya ƙarfafa abin. A 2008, Elizabeth Neal da abokan aikinta a Landan sun wallafa gwajin da suka yi da yara 145 masu farfaɗiyar da ta gagari magani. Bayan wata uku, kashi 38 cikin 100 na yaran da ke kan abincin faɗuwarsu ta ragu da fiye da rabi, alhali kashi 6 ne kacal a cikin waɗanda ba a ɗora su ba. Akwai ma cutar gado da Darryl De Vivo ya bayyana a 1991, inda gulukos ba ya iya shiga ƙwaƙwalwa yadda ya kamata, kuma keto ne babban maganinta.

Saboda haka ba mu zo mu ce keto ƙarya ba ne. Magani ne mai aiki, kuma kamar kowane magani yana da illa. Rama tana cikin illolin.

Mu yi lissafin ruwan

Ga inda maganar ruwa ta samo asali. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka a wani siffa da ake kira gilaikojin, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da kusan giram uku na ruwa. Idan aka daina cin sitaci, jiki zai cinye wannan ajiya cikin 'yan kwanaki, ruwan ya fita ta fitsari. Ban da haka, insulin yana sauka, ƙoda kuma ta ƙara zubar da gishiri, ruwa ya bi shi. Baligi yana da ajiyar gilaikojin kamar giram 400 zuwa 500, don haka yana iya sauke kilo ɗaya da rabi zuwa biyu ba tare da ya taɓa kitsensa ba.

To yanzu mu dawo kan yaro mai kilo 12. Idan muka bi lissafin girman jiki, ajiyarsa ba za ta kai giram 100 ba, kuma ko an haɗa da ruwan da take riƙe da shi, abin bai kai rabin kilo ba. Ke nan idan yaron ya sauke kilo guda, gilaikojin ba zai iya ɗaukar alhakin duka ba. Sauran ya fito ne ko dai daga ƙarancin ruwa na gaske, ko daga kitse da tsoka. Kilo ɗaya a jikin mai kilo 12 ya haura kashi 8 cikin 100, kwatankwacin mai kilo 80 ya zubar da kusan kilo bakwai. Kuma ko da a ce duk ruwan ne, tun yaushe fitar ruwa ta zama abin kwantar da hankali a jikin yaro? Duk ma'aikaciyar jinyar da ta taɓa kula da yaro mai gudawa ta san cewa rasa ruwan da ya kai kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki abin a tashi tsaye ne.

Sai batun lokaci. Fitar ruwan gilaikojin abu ne na kwanakin farko. Ajiyar da ta ƙare ba ta sake ƙarewa. Idan an shiga mako na uku ko na huɗu sikeli yana ci gaba da sauka, maganar ruwa ta daina aiki.

Abu na uku shi ne wanda aka fi mantawa. Baligi ya gama girma, nauyinsa ya tsaya wuri guda alamar lafiya ce. Yaro ɗan shekara biyu zuwa biyar kuwa yana ƙara kusan kilo biyu a shekara. Yaron da ya yi wata huɗu nauyinsa bai motsa ba, a ido bai rame ba, amma a katin awo ya zame daga layinsa. Ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta jira: binciken Christopher Kuzawa da abokan aikinsa na 2014 ya ƙiyasta cewa a wajen shekara biyar, ƙwaƙwalwar yaro tana cinye fiye da kashi 40 cikin 100 na kuzarin da jikinsa ke buƙata a rana.

Abin da likitocin da kansu suka gano

Hujja mafi ƙarfi a kan maganar ruwa ta fito ne daga masu amfani da keto a asibiti. A tsohon tsari, ana kwantar da yaro a sa shi azumin kwana ɗaya ko biyu, sannan a rage masa kalori zuwa kusan kashi 75 cikin 100 na abin da sa'anninsa ke buƙata, a kuma taƙaita ruwan sha. An ɗauka wannan tsanani ne sirrin nasarar. A 2005, Christina Bergqvist da abokan aikinta a asibitin yara na Filadelfiya suka gwada abin da yara 48. Rabi an fara musu da azumi, rabi an shigar da su a hankali suna cin abinci. Bayan wata uku, raguwar faɗuwa ta zo daidai a ɓangarorin biyu. Amma yaran da ba su yi azumi ba sun fi ƙarancin rama, sun fi ƙarancin faɗuwar sukarin jini, kuma kaɗan ne cikinsu suka buƙaci ƙarin ruwa ko maganin tsamin jini.

A duba abin da wannan yake nufi. Ramar farko ba ita ce ke kawo sauƙi ba. Wahala ce da tsarin farawa ya ɗora wa yaro, kuma da aka sauya tsarin ta ragu. Shi ya sa ƙa'idojin ƙwararru na duniya da aka sabunta a 2018 ba su wajabta azumi ko taƙaita ruwa ba.

Tun kafin wannan, a 2002, Eileen Vining ta Johns Hopkins ta bi diddigin girman yara 237 da ke kan abincin. Nauyinsu ya sauka a watannin farko idan aka gwada da na sa'anninsu, tsayi ma ya ja baya a hankali, kuma mafiya ƙanƙanta su ne suka fi samun tawayar girma. Tsayi dai ba ruwa ba ne.

Dalilan a bayyane suke. Kiton yana rage jin yunwa. Abincin da kusan duk maiƙo ne yana ginsar yaro, ya sa tashin zuciya da amai da taurin bayan gida. Tsamin jini yana sa kasala da ƙin abinci. Wasu magungunan farfaɗiya, irin su tofiramet, su ma suna rage cin abinci kuma suna ƙara tsamin jinin. Ga kuma tsakuwar ƙoda, wadda ke samun kusan yaro ɗaya cikin ashirin a tsarin asali.

Don adalci, akwai yaran da ramar take musu amfani. Maganin balfurowet yana sa ƙiba, kuma yaron da ya zo da nauyin da ya wuce kima yana iya sauka zuwa inda ya dace. Amma wannan abu ne da mai ilimin abinci ya tsara, ya rubuta, yana kuma aunawa.

Inda binciken ya gaza

Masu binciken ma suna da nasu laifin. Yawancin gwaje-gwajen keto an gina su ne a kan tambaya ɗaya: faɗuwa ta ragu? Girman yaro yana zuwa a sahu na biyu, kuma wata uku ba ya isa a ga tawayar tsayi. A gwajin 2008 na Landan, cikin yara 145 da aka ɗauka, 103 ne aka samu bayanansu a ƙarshe. Iyalan da abincin ya gagara ba sa fitowa a fim. Gwajin da Natasha Schoeler ta jagoranta a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2023 a kan jarirai 136 'yan ƙasa da shekara biyu, ya nuna cewa keto bai fi ƙarin wani maganin farfaɗiya aiki ba, duk da cewa bai gaza shi ba. Zaɓi ne cikin zaɓuɓɓuka.

Idan haka abin yake a wajen yaran da ke da dalili mai ƙarfi, ina ga yaro lafiyayye? A 2014, Farfesa Tim Noakes na Afirka ta Kudu ya shawarci wata mai shayarwa a Twitter ta yaye ɗanta a kan abinci mai ƙarancin sitaci da yawan maiƙo. Hukumar kula da ma'aikatan lafiya ta ƙasar ta tuhume shi, aka wanke shi a 2017. Magoya bayansa suna kafa hujja da wannan, amma hukuncin kwamitin ladabtarwa a kan halayyar likita ba gwaji ba ne a kan jarirai. A 2018, Martin de Bock da abokan aikinsa sun bayyana yara shida masu ciwon suga nau'i na ɗaya da aka rage musu sitaci, inda aka ga tawayar girma da hauhawar maiƙon jini a cikinsu. Shida ba yawa ba ne, amma gargaɗi ne. A 2023, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ja kunne a kan irin wannan abinci ga yara masu ciwon suga, sai dai a ƙarƙashin kulawar ƙwararru.

Me ya shafe mu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa idan suka samu magani daidai. A wajenmu, yaro mai farfaɗiya sau da yawa bai ma samu maganin farko a kai a kai ba, balle a ce ya gagare shi. Uwar da ta gaji da yawon neman magani, ta ga bidiyon yaron da keto ya warkar a Amurka, ba abin zargi ba ce idan ta so gwadawa.

Sai dai yaron Amurkan an auna jininsa kafin a fara, don akwai cututtukan gado da jiki ba ya iya ƙona kitse, kuma keto yana iya kashe mai irinsu. An auna abincinsa da giram, an ba shi ƙarin bitamin da sinadarin ƙashi, ana kuma duba sukarin jininsa. Yaronmu kuwa wataƙila ya fara ne da ragi. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma kashi 57. A cire wa irin wannan yaro kunu da tuwo da wake, ba tare da an san me zai maye gurbinsu ba, hanya ce ta kai shi sashen tamowa.

Wanda likita ya ɗora ɗansa a kan keto, ya nemi a rubuta masa nauyin farawa, da ranakun awo, da kuma iyakar ramar da idan an kai ta za a sauya lissafin abincin. Amai a jere, yawan barci, numfashi da sauri, ƙarancin fitsari ko ƙin abinci, duk dalilin komawa asibiti ne a ranar. Wanda kuma bai da likita da mai ilimin abinci a tare da shi, ya bar yaron a kan abincin gida, ya nemi maganin farfaɗiyar a asibiti tukuna.