Kullum Shiri da Kullum Shirme: Sharhi Kan Katun ɗin Sojan Yaƙin Duniya na Biyu

Rundunar sojan Gold Coast, wato ƙasar Ghana ta yau, da Hausa ta rubuta takenta: Kullum Shiri. Ba abin mamaki ba ne, domin tushen rundunar 'yan sandan Hausawa ne da Turawa suka kafa a ƙarni na 19, kuma Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki. Mu mutanen Tafo da sauran zangunan Kumasi muna zaune a tsakiyar wannan tarihi. Barikin Uaddara da ke cikin garin nan ya samo sunansa daga wurin da sojojin Gold Coast suka gwabza da Italiyawa a ƙasar Habasha a 1941, tsohuwar ganuwar Turawa kuwa ta zama gidan tarihin soja. Kimanin mutum 65,000 ne daga ƙasar nan suka sa kaki a yaƙin duniya na biyu, da yawansu 'yan Arewa da 'yan zango.

A daidai lokacin da waɗannan bayin Allah suke cikin dazukan Bama, rundunar Amurka ta ƙirƙiro wani soja na zane wanda da za a ba shi take da Hausa, sai a ce Kullum Shirme. Sunansa Farabiti Snafu. Sharhin nan zai duba fina-finan katun da aka yi da shi, ya kuma auna su da irin majigin da aka nuna wa iyayenmu a zamani guda. Abin da nake son nunawa shi ne, yadda mai koyarwa ya ɗauki ɗalibinsa yana bayyana a irin dariyar da ya yarda su yi tare.

An yi fina-finan Snafu tsakanin 1943 da 1945, guda ashirin da 'yan kai, kowanne bai wuce 'yan mintoci ba, a baƙi da fari. Frank Capra, wanda ke jagorantar sashen fina-finai na sojan Amurka, shi ya kawo shawarar. Theodor Geisel, wanda duniya ta fi sani da Dr. Seuss, yana cikin marubuta. Ma'aikatan katun na Warner Bros. irin su Chuck Jones da Friz Freleng da Frank Tashlin da Bob Clampett suka ba da umarni, Mel Blanc ya ara wa Snafu murya. Kalmar Snafu kanta zaurancen bariki ce, ma'anarta kusan a ce "lafiya lau, komai ya dagule yadda aka saba". Sojoji kaɗai aka yi wa finafinan, shi ya sa aka saki baki da ashar da maganganun batsa waɗanda ba za a bari a gidajen siliman farar hula ba a wancan zamani.

Dabarar guda ɗaya ce, ba ta canzawa. Duk abin da aka hana soja, shi Snafu zai yi, sannan a nuna inda abin ya kai shi. A cikin Spies na 1943, an ba shi sirrin lokacin tashin jirgin ruwansu. Yana ta cika baki cewa bakinsa a kulle yake, amma yana zubar da zancen kaɗan-kaɗan, har ya sha giya ya yi tatil ya kwance wa wata kyakkyawa sauran. Jiragen Jamus masu nutso suka tare hanya, aka tarwatsa shi, ya farka a wuta yana tambayar wane ne ya tona asiri. Sai aka miƙa masa madubi. A cikin Rumors kuwa, wata 'yar magana da aka yi a bayan gida ita ce ta bi baki-baki tana kumbura, har sansani duka ya ɗauka an ci su da yaƙi, aka killace kowa kamar annoba ta shigo.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne Private Snafu vs. Malaria Mike na 1944. Sauro ne aka zana kamar maharbi, da taswirar jikin mutum a hannunsa yana neman inda nama ya fi taushi. Snafu ya tuɓe yana wanka a rafi da magariba, ya yi watsi da man korar sauro, ya kwanta ya bar ɗuwawunsa a wajen gidan sauro. A ƙarshe an ga kansa rataye a bangon ɗakin sauron, yadda maharba ke rataye kan ɓauna.

Wannan ba wasan yara ba ne, ko da yake da wasa aka faɗe shi. Janar William Slim, wanda ya jagoranci Runduna ta 14 a Bama, wadda rundunonin Afirka ta Yamma na 81 da 82 suka yi yaƙi a fagenta, ya rubuta cewa a 1943 duk soja ɗaya da aka kwashe saboda rauni, akwai 120 da aka kwashe saboda ciwo, zazzaɓin cizon sauro ne a gaba. Maganin da ake bayarwa, mefakirin, yana mai da fata rawaya, sai jita-jita ta bazu cewa yana kashe mazakuta, sojoji suka riƙa zubar da shi a ɓoye. Sai da Slim ya fara tuɓe kwamandojin da aka samu mutanensu ba sa sha, sannan abin ya lafa. Ka ga sauro da jita-jita, abubuwa biyun da aka yi wa katun, sun kwantar da mazaje fiye da harsashin Japan.

Me ya sa dabarar Snafu ta yi aiki? Saurayin da aka raba da gida, aka aske masa kai, ana yi masa tsawa daga asuba zuwa dare, ya gaji da wa'azi. In aka ƙara masa wani, kunne zai toshe. Amma da aka kawo masa wawa a allo, sai aka ɗora shi a kujerar mai wayo. Shi ne yake hango masifar kafin ta sauka, shi ne yake cewa a ransa "kai, wannan sakarai zai halaka mu". Da ya yi dariyar nan ya riga ya yanke wa kansa hukunci, domin ba wanda yake so gobe abokansa su kira shi Snafu. Kunya ta yi aikin da tsawar samanja ta kasa. Kuma masu zanen sun yarda cewa mai kallo zai gane habaici, zai bi saurin hoto, zai cike giɓin da aka bari. Wannan yarda ita ce girmamawar da ke cikin aikin.

To, mu juyo gida. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya fina-finai domin ƙasashen da take mulka, ta ɗora William Sellers a kai, wani jami'in tsabta da ya yi aiki a Legas. Motocin majigi suka riƙa zagaya garuruwa, a ɗaura farin ƙyalle a fili, tafinta ya riƙe lasifika yana fassara. A nan ƙasar Asante ana kiransu Aban Cine, siliman gwamnati, a ƙasar Hausa kuma majigi. Da su aka yi shelar yaƙi, aka nemi kurata, aka tara gudummawa. Sellers ya shimfiɗa ƙa'idoji a 1941 a wata maƙala wadda ko sunanta ya isa shaida, domin ya kira masu kallon mutanen da ba su waye ba. A ganinsa dole hoto ya tafi a hankali, kada kyamara ta yi wata dabara, kada a tsallake mataki ko ɗaya, kada a cika allo da abubuwa. Fim ɗin Mr English at Home na 1940 misali ne: a zauna a kalli yadda iyalin wani Bature ke tashi da cin abinci da kwanciya. Wani salon da aka yawaita shi ne na mutum biyu, mai hankali da wawa. Mai hankali ya bi maganar hukuma ya yi arziki, wawa ya riƙe al'adarsa ya tagayyara.

A sama-sama sai ka ce ai wawan majigi da Snafu ɗan juma ne da ɗan jummai. Amma akwai rata mai faɗi. Snafu ɗan bariki ne kamar mai kallonsa, kakinsu ɗaya, ƙorafinsu ɗaya, kuma wautarsa tasa ce shi kaɗai. Wawan majigi kuwa yakan sa tufafin mai kallo, ya zauna a irin gidansa, ya yi abin da kakanninsa suke yi. Wautar da ake nunawa ita ce rayuwar mutanen da ke zaune a gaban ƙyallen. Wancan an ce masa "ka fi wannan wayo", wannan kuma an ce masa "ga ka nan".

Jami'an mulkin mallaka suna da labarai biyu da suke kafa hujja da su. Na farko, an nuna fim a kan tsabtace unguwa, da aka tambayi mutane me suka gani sai suka ce kaza, wata kaza da ta gifta a gefen hoto. Na biyu, an nuna sauro an ƙara masa girma ya cika allo, sai mutane suka ce su kam sun gode Allah, nasu sauron bai kai haka ba. Daga nan aka yanke cewa baƙin mutum ba ya iya karanta hoto. Ni kuwa ina ganin duk wanda ya taɓa zama a majalisar zango zai ji ƙanshin shaƙiyanci a amsar nan ta biyu. Irin maganar da dattijo zai yi ne fuska a murtuke, matasa na danne dariya, baƙo kuma ya zaro littafi ya rubuta. Kazar ma tana da uzuri: a fim ɗin da aka ja shi kamar tafiyar hawainiya, ita kaɗai ce ta yi abin da ba a zata ba. Daga baya, a farkon shekarun 1950, Peter Morton-Williams ya bi motocin majigi zuwa ƙauyukan Nijeriya, har da na Hausawa, ya tarar mutane suna fahimtar hoto da wuri, kuma abin da ke hana saƙo shiga ya fi alaƙa da yadda aka ƙulla labarin.

Da an tambayi kowace tsohuwa a Tafo, da ta ba da wannan amsa kyauta. Yaron zango yana tashi da Gizo da Ƙoƙi a bakin kakarsa, ya fita waje abokansa Asantawa su ba shi labarin Kwaku Ananse. Gizo-gizo ne mai magana, mai haɗama, wanda dabararsa ke komawa kansa. Mutanen da suka shekara ɗaruruwa suna tarbiyyar 'ya'yansu da wannan, su ne aka ce ba za su gane sauro mai magana ba. Gizo ya riga Snafu zuwa duniya, kuma aikinsu ɗaya. Makamin yana hannun mutanen, masu majigi ba su dube shi ba saboda sun riga sun raina masu shi.

Duk da haka, kada yabo ya rufe mana ido a kan aibin Snafu. An zana Japanawa da manyan haƙora da tsukakkun idanu, an mai da su abin da bai kai mutum ba, domin kashe su ya zo da sauƙi. Mace a finafinan galibi tarko ce ko abin kallo. Rundunar Amurka a lokacin ta ware baƙaƙe daga farare, ba a ba da umarnin soke wannan ba sai 1948, kuma Snafu fari ne, duniyarsa ta farare ce. Wanda ya yi dariyar a raina wani, bai kamata ya yi mamaki ba in aka yi dariyar a raina shi.

Aibin da ya fi zurfi shi ne inda laifi yake sauka. A duniyar Snafu kuskure kullum daga ƙasa yake tasowa. Ba janar ɗin da ya tura mutane ga halaka, ba hukumar da ta ci amana. Dubi fim ɗin Gripes na 1943: Snafu yana gunaguni a kan wahalar bariki, sai wani aljani mai fukafukai da sigari a baki ya ba shi mulkin sansanin. Ya soke atisaye, ya kawo shagali, jiragen Jamus suka zo suka tarar ba kowa a shirye. Darasin a fili yake: mai ƙorafi shi ne matsala. An ba soja damar ya yi dariyar halin da yake ciki domin ya huce, ya koma layi. Girmamawar da na ambata tana da iyaka, an yarda da basirarsa gwargwadon yadda za ta sa ya yi biyayya.

Tarihin ƙasar nan ya nuna abin da katun ɗin ya ɓoye. Sojojin da suka kama Myohaung a Janairun 1945 sun dawo gida suka tarar da tsadar kaya, ba aiki, haƙƙoƙin da suka sa rai ba su zo yadda aka yi musu alkawari ba. Ran 28 ga Fabrairu 1948 suka yi jerin gwano a Akra domin kai takardar koke ga Gwamna Gerald Creasy a fadar Christiansborg. A mararrabar hanya wani Baturen ɗan sanda, Colin Imray, ya buɗe wuta, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suka faɗi matattu. Tarzomar da ta biyo baya ta kai har Kumasi, aka kafa kwamitin Watson, hanyar da ta ɓulle ga 'yancin kai a 1957. Waɗannan mutane sun yi ƙorafi, kuma gaskiya ce da su.

Yanzu finafinan Snafu suna intanet, kowa na iya kallo a wayarsa. Ina ba matasanmu masu zane da masu rubutun wasa shawara su kalle su da idon ɗalibi da kuma idon alƙali. Har gobe sauro na kwantar da yara a Tafo da Aboabo da Asawase, jita-jita a kan magani da rigakafi kuwa ta samu WhatsApp ta ƙara gudu. Saƙonnin da ake kawo mana galibi har yanzu muryar majigi gare su, wani a sama yana karanta wa jahilai. Wanda zai yi mana katun da Hausar zango, ya ɗauko Gizo ya sa shi ya yi shirmen, ya bar mai kallo ya zama mai wayon. Sannan ya ƙara abin da masu Snafu ba su yi ba: wata rana Gizon ya fito da rigar mai mulki, domin kwata da ta toshe a bakin titi ba talaka kaɗai ya toshe ta ba.