Ruɓaɓɓen Katako A Ƙarƙashin Sabon Fenti

Duk wanda ya saba ratsa Tsohuwar Panteka, a Tudun Wadar Kaduna, ya san Allah Ya hore wa ma'abotanta hikimar raya abin da aka fid da rai da shi, har tsohuwar Peugeot, irin waɗanda aka soma harhaɗawa a Kakuri a 1975, takan shigo a jaye ta koma da ƙafarta. Saboda girman sana'ar a idona ne nake baƙin ciki da wata al'ada da ke yaɗuwa a garin, wato idan ƙasan bodin akori-kura ko gingimari ya ruɓe, maimakon a ɗaye shi, sai a shimfiɗa farantin ƙarfe marar kauri a kai, a bi shi da fenti, a ce aiki ya kammala.

Alhali kuwa ruɓa ba daga sama take farawa ba. Ruwan Agusta ta ramukan noti da kusurwoyi da saman tayoyi yake kurɗawa, fitsarin shanu da takin zamani su taya shi, sa'an nan idan aka rufe katakon, laima ta rasa mafita, sai ta gangara ta ci ƙarafan da ke ɗauke da bodin. Kafintocin da suka san aiki sukan cire katakon ɗaya bayan ɗaya, su kankare tsatsa, mai walda ya musanya ƙarfen da ya mutu, kana a jera busasshen ƙawo ko maɗaci, a shayar da shi baƙin mai, a bar 'yar tazara domin ruwa ya zurare. Ko a Amurka, masu farfaɗo da tsofaffin ɗakunan tafiya na Airstream, waɗanda ake ja da mota, da yawansu sai sun ɗage gangar jikin ɗungum kafin su sake daɓen.

Na san katako ya yi tsada, mai mota kuma hanzari yake. Amma malamanmu na fiƙihu sun bayyana cewa ɓoye aibin haja algus ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa. Wanda ya yi wannan kwaskwarima domin ya sayar, ya ci amanar mai saye, da ta ɗan dakon da zai taka wurin da buhun masara a ka.