Damargu a Taswirorin Wasa da na Hasashe

A 1877 wani mai zane a Landan, Fred Rose, ya fitar da taswirar Turai inda ya mayar da Rasha dabbar teku mai hannuwa takwas tana lalubar maƙwabtanta. Duk wanda ya saya ya san barkwanci ne na siyasa, ya yi dariya ya gane saƙon. Ƙasashen Hausa kuwa wani irin zane suka fi sha: wanda mai shi ya cika da hasashe amma ya sayar da shi a matsayin ilimi.

Tun 1798 James Rennell ya shimfiɗa wani dogon jerin tsaunuka a Afirka ta Yamma, ya sa musu suna Duwatsun Kong. Masu taswira suka yi ta kwafa daga juna kusan shekara casa'in, har Bafaranshe Binger ya taka wurin tsakanin 1887 da 1889 bai iske su ba. A Sakkwato ma, taswirar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba matafiyi Bature Clapperton a 1824 ta karkatar da Kwara gabas wajen kogin Masar, kuma akwai masana da ke ganin da gangan ne, don kada baƙo ya san hanyar teku.

Damargu, ƙasar da yau ta ƙunshi Tanut da Belbeji, ta shiga takardun Turawa sosai ne a Janairun 1851. Matafiya Turawa uku, Barth da Richardson da Overweg, sun gangaro daga Abzin cikin ayarin gishiri na Buzaye, suka rabu a ƙauyen Tagelel: Richardson ya nufi Damagaram, sauran biyun suka bi ta Tasawa. Abin da ya ba labarin Barth nauyi shi ne yana jin Hausa, yana tambayar madugai da 'yan ayari sunan kowane zango da kowace rijiya, da kwana nawa ke tsakani. Ya iske gonakin gero da rumbuna, wato abincin da Abzin ke dogaro da shi. Wannan sanin na fatake ne, ko da yake sunan Petermann, Bajamushe mai zanen taswira, aka buga a ƙasan taswirar tafiyar.

Duk da haka hasashen ya dawo, kuma a wannan karon ya zo da hukunci. A Agustan 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a Tafkin Cadi. Firayim Ministan Ingila, Salisbury, ya mayar da abin raha a bainar jama'a, yana cewa sun yi ta ba juna duwatsu da koguna alhali ba su san inda suke ba. Mutanen Tagelel ba su ji wannan raha ba, amma yarjejeniyar ce ta jefa su ɓangaren Faransa, ta bar Kano, kasuwar da ayarinsu ke dosa, a wani ɓangaren.

Yarjejeniyar 1898 ta ƙara da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, wadda ta tura hanyar Faransawa zuwa Damagaram cikin jeji marar rijiyoyi. Ƙishirwa ce ta tilasta gyara iyakar a 1904 da 1906.