Amanar Sarakuna a Littafi Mai Tsarki: Wa Ke Ɗaukar Nauyin?

Sarakunan ƙasar Kan'ana da kewayenta ba sa ƙulla amana da fatar baki. Sai an yi rantsuwa, an yi musayar kyautai, wani lokaci a ba da 'ya aure, sannan kowanne ya riƙa kiran ɗayan ɗan'uwansa. Littafin Sarakuna na Fari ya ajiye mana irin wannan ƙawance guda biyu, kuma a ganina abin da ya bambanta su shi ne ko kowane ɓangare ya san abin da yake bayarwa da abin da yake karɓa.

Hiram sarkin Taya abokin Dawuda ne tun kafin Sulemanu ɗan Dawuda ya hau gadon sarauta. Taya birnin bakin teku ne, tana da itacen al'ul na Lebanon, da masassaƙa, da matuƙan jiragen ruwa, amma gonakinta ba sa ciyar da ita. Sulemanu kuwa yana da alkama da man zaitun, ba shi da gwanayen sarar itace. Sai aka yi ciniki a fili: ana ɗaure gumagumai a turo su ta teku, shi kuma yana aika abinci kowace shekara. Bayan shekara 20 ya ba Hiram garuruwa 20 a Galili. Hiram ya zo da ƙafarsa ya duba, bai ga abin kirki ba, ya faɗa wa Sulemanu haka ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Duk da haka mutanensu sun ci gaba da tashi tare daga Eziyon-geber zuwa Ofir neman zinariya. Amanar da ta jure ƙorafi irin wannan, ai ta yi ƙwari.

Ƙawancen Yehoshafat sarkin Yahuza da Ahab sarkin Isra'ila ya fi taɓa zuciya, domin niyyarsa kyakkyawa ce. Masarautun biyu 'yan gida ɗaya ne da suka daɗe suna zub da jinin juna, Yehoshafat ya kashe wutar, har ya auro wa ɗansa Yehoram Ataliya ta gidan Ahab. Ahab ma ya san amfanin haɗa kai. Dutsen Shalmanesar na Uku, sarkin Assuriya, ya lissafa shi cikin sarakunan da suka taru don yaƙar Assuriya a Karkar a shekara ta 853 kafin haihuwar Almasihu, da karusai 2,000 da dakaru 10,000, kafaɗa da kafaɗa da sarkin Dimashƙu.

Da Ahab ya nemi a je a ƙwato Ramot-gileyad daga hannun Suriyawa, nan take Yehoshafat ya miƙa kansa da jama'arsa da dawakansa. Sai bayan ya amsa ya ce a nemi nufin Ubangiji. Ga sarakuna biyu a kan kujerunsu a masussukar ƙofar Samariya, sanye da kayan sarauta, annabawa wajen 400 suna ta yi musu albishir, ɗaya daga cikinsu, Zadakiya, har da ƙahonin ƙarfe. Annabi Mikaiya kaɗai ya ce za a watse. Aka mare shi, aka kai shi kurkuku, Yehoshafat yana kallo, kuma ya bi rundunar.

A bakin daga Ahab ya ɓad da kama, ya ce wa abokinsa shi ya zauna da rigar sarautarsa. Wannan ba abin da ake yi wa ɗan'uwa ba ne. Shugabannin karusan Suriya 32, waɗanda aka umarta su nemi sarkin Isra'ila kaɗai, suka yi ca a kan Yehoshafat, da ƙyar ya sha. Ahab kuwa kibiyar da wani ya harba ba da saiti ba ta same shi a mahaɗar sulke, ya cika da faɗuwar rana.

Sauran bashin zuriyar Yehoshafat ce ta biya. Da jikansa Ahaziya ya mutu, Ataliya ta tashi ta karkashe 'ya'yan gidan sarautar Yahuza, ta mulki ƙasar shekara 6. Jariri ɗaya ne ya tsira, Yowash, wanda gwaggonsa Yehosheba ta ɗauke ta ɓoye a Haikali.